Daga Ƙofar Uban Gida Zuwa Kasuwa: Yadda Ƙagaggen Labari Ya Kafu a Ingila a Ƙarni na 18

Ƙagaggen labari, wato dogon labarin zube da marubuci ke ƙirƙira game da mutane irin waɗanda ake cuɗanya da su yau da kullum, masu suna da sana'a da unguwa, yana cikin nau'o'in adabin da suka fi yaɗuwa a duniya, amma bai zama sana'a mai kasuwa da masu karatu na dindindin ba sai a ƙarni na 18, kuma a Ingila ne aka fi ganin matakan kafuwarsa daki-daki. Dogayen labaran zube sun riga wannan zamani da nisa, domin Larabawa suna da maƙamomin Hamazani da na Hariri, mutanen Sifaniya suna da Don Quixote na Cervantes tun 1605, Faransawa kuma suna da labaran jarumai da soyayyar fada masu juzu'i barkatai. Abin da ya sauya a birnin Landan tsakanin 1695 da 1775 shi ne hannun da ke ciyar da marubuci, domin a da basarake ne ko hamshaƙin mai dukiya ke ɗaukar nauyinsa, daga baya kuwa abincinsa ya koma hannun dubban masu saye waɗanda bai taɓa sa su a ido ba, kuma wannan sauyin ne ya jawo sauyin abin da ake rubutawa da irin mutanen da ake ba da labarinsu.

Kwance takunkumin ɗab'i

Tun shekarar 1557 harkar buga littattafai a Ingila tana hannun ƙungiya guda ta masu maɗaba'a da masu sayar da littattafai na Landan, wadda masarauta ta ba izinin mallakar sana'ar baki ɗaya, bisa fahimtar cewa za ta taimaka wajen hana fitar duk abin da hukuma ba ta so. Dokar da aka kafa a 1662 ta ƙara ɗaure al'amarin, inda ta wajabta a kai kowane rubutu gaban mai tacewa kafin a buga shi, ta ƙayyade yawan manyan masu maɗaba'a, ta kuma taƙaita ɗab'i a garuruwa huɗu kacal, wato Landan da Oxford da Cambridge da York. A 1695 wa'adin dokar ya cika, majalisar dokoki kuwa ta ƙi sabunta ta, kuma cikin waɗanda suka zuga 'yan majalisa a kan haka har da masanin falsafa John Locke, wanda ya fi kokawa da yadda 'yan ƙungiyar ke sayar da littattafai marasa inganci da tsada saboda ba su da abokin gasa. Hukunci bai gushe ba ga wanda ya buga ɓatanci ko ya tunzura jama'a, amma daga wannan shekara sai bayan littafi ya fita ake kama mai shi, kuma wannan ɗan bambanci ya isa ya sa maɗaba'u su yawaita a Landan su kuma bazu zuwa garuruwan larduna.

Birnin da wannan ya faru a cikinsa yana da mutane fiye da rabin miliyan a 1700, ya kusa kai miliyan guda a ƙarshen ƙarnin, kuma cike yake da 'yan kasuwa da akawuna da lauyoyi da masu sana'ar hannu da 'yan koyon sana'a da barorin gida, waɗanda yawancinsu baƙi ne da suka baro ƙauye. Wurin haɗuwar mazan wannan rukuni shi ne gidan shan gahawa, wanda aka buɗe na farkonsa a Landan a 1652, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 17 an sami ɗaruruwan irinsa, inda mutum zai biya kwabo ɗaya ya sha kofi guda, ya karanta jaridun da aka baje a kan tebur, ya kuma tsoma baki cikin gardamar da ya tarar ana yi. Sarki Charles na Biyu ya yi shelar rufe su a 1675 saboda zargin cewa a nan ake ƙulla ƙananan maganganu a kan mulkinsa, sai dai ƙorafin jama'a ya tilasta masa janye umarnin cikin 'yan kwanaki. Kowane gida yana da irin mutanensa, har ta kai gidan wani mai suna Edward Lloyd, inda masu jiragen ruwa ke taruwa, ya zama tushen babbar kasuwar inshora da har yau take amsa sunansa.

A irin waɗannan gidaje ne jarida ta sami masu karatu. Jaridar farko mai fita kullum, Daily Courant, ta soma a 1702, sannan Richard Steele ya kafa mujallar Tatler a 1709, daga bisani shi da Joseph Addison suka fito da Spectator daga Maris na 1711 zuwa Disamba na 1712, wadda ta fita sau 555, kowace fitowa takarda guda ce ɗauke da maƙala guda. Ana buga kimanin kwafi 3,000 a rana, Addison kuma ya ƙiyasta cewa mutum ashirin ke karanta kowane kwafi. Muhimmancin Spectator ga tarihin ƙagaggen labari ya zo ta fuska biyu: ta saba wa jama'a da karanta sassauƙan zube a kan al'amuran gida da aure da ladabi da ciniki, ta kuma ƙirƙiro wata ƙungiyar abokai da babu su a zahiri, cikinsu har da wani dattijon basaraken ƙauye mai suna Sir Roger de Coverley, wanda masu karatu suka riƙa bibiyar halinsa mako bayan mako tamkar wani da suka sani.

Marubuci da kuɗinsa

Tsohuwar hanyar da marubuci ke samun abin kai wa bakin salati ita ce ya nemi uban gida, wato wani mai sarauta ko mai muƙami, ya sadaukar masa da littafi da kalmomin yabo a shafin farko, shi kuma ya saka masa da kyauta ko fansho ko wani ɗan muƙami a gwamnati. Sabuwar hanyar da ta fara karya wannan tsari ita ce karɓar kafin-alƙalami daga masu saye da yawa, inda marubuci zai yi shelar littafin da yake shirin yi, masu sha'awa su biya wani ɓangare na kuɗin tun kafin a buga, a kuma jera sunayensu a farkon littafin. Mawaƙi Alexander Pope, wanda kasancewarsa ɗan ɗariƙar Katolika ta haramta masa shiga jami'a da riƙe muƙamin gwamnati, ya bi wannan hanya wajen fassara waƙar Iliad ta Homer cikin juzu'i shida tsakanin 1715 da 1720, ya sami kusan fam 5,000, kuɗin da suka ishe shi ya kama gida a Twickenham ya rayu ba tare da durƙusa wa kowa ba.

Doka ma ta soma sanin da zaman marubuci. A 1710 aka fara aiki da dokar da ake kira da sunan Sarauniya Anne, wadda ita ce dokar haƙƙin mallaka ta farko irin ta zamani, ta ba mai littafi ikon hana kowa buga shi har shekara 14, tare da ƙarin wasu 14 idan marubucin yana raye lokacin da wa'adin farko ya cika. A aikace yawancin marubuta sayar da wannan haƙƙi suke yi gaba ɗaya ga masu sayar da littattafai, waɗanda a wancan zamani su ne mawallafa, saboda haka riba mai tsoka tana wurin ɗan kasuwa. Daga nan ne aka sami tarin marubutan haya, masu rubuta ƙasida ko fassara ko tarihin ɓarawon da aka rataye jiya a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, waɗanda ake yi wa laƙabi da sunan wani lungun matalauta na Landan da ake kira Grub Street.

Abin da ya faru tsakanin Samuel Johnson da Lord Chesterfield shi ne misalin da masana suka fi kafa hujja da shi a kan mutuwar tsohon tsarin. A 1746 wasu masu sayar da littattafai suka haɗa kai suka ƙulla yarjejeniya da Johnson ya rubuta ƙamus na Ingilishi a kan fam 1,575, shi kuma ya sadaukar da tsarin aikin ga Chesterfield da fatan samun tallafi, amma bai sami abin kirki ba. Da aikin ya kusa fita a 1755, ɗauke da kalmomi fiye da 42,000, sai basaraken ya rubuta maƙaloli biyu yana yaba shi, Johnson kuwa ya mayar masa da wasiƙa cikin ladabi mai ɗaci, yana tuna masa lokacin da ya yi ta jira a zaurensa ana sallamarsa hannu rabbana, yana kuma sanar da shi cewa taimakon da ya zo bayan an gama wahala ba shi da sauran amfani.

Defoe da labarin da ke kama da gaskiya

Mutumin da aka fi danganta farkon ƙagaggen labarin Ingilishi da shi, Daniel Defoe, ɗan kasuwa ne da ya yi cinikin safa da giya da bulo, ya karye a 1692 da bashin fam 17,000, aka sa shi a turu a bainar jama'a a 1703 saboda wata ƙasidar zambo da ya yi wa masu tsananin ra'ayi na cocin gwamnati, ya yi wa gwamnati leƙen asiri, ya kuma rubuta jaridarsa ta Review kusan shi kaɗai daga 1704 zuwa 1713. Yana dab da shekara sittin lokacin da Robinson Crusoe ya fito a Afrilun 1719, kuma kafin shekarar ta ƙare an buga shi sau huɗu. Babu sunan Defoe a bangon littafin, an gabatar da shi ne a matsayin tarihin da wani matuƙin jirgin ruwa ɗan garin York ya rubuta da hannunsa, kuma jama'a suna da dalilin gaskatawa, domin ba a daɗe ba da jin labarin Alexander Selkirk, wani ɗan Sikotilan da ya zauna shi kaɗai a wani tsibiri na tekun Fasifik daga 1704 zuwa 1709.

Sabon abin da ke cikin littafin shi ne yadda yake ƙirga komai. Bayan jirgi ya farfashe, Crusoe ya haɗa katakai ya yi ta zirga-zirga yana kwaso kaya daga cikinsa, marubucin kuma ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, burodi da shinkafa da cuku da bindigogi da albarushi da akwatin kafinta, ya nuna yadda ya kafa gungume yana yi masa tsaga kowace rana don kada kwanan wata ya ɓace masa, da yadda ya raba takarda gida biyu ya jera sharrin halin da yake ciki a gefe guda da alherinsa a ɗaya gefen kamar yadda akawu ke jera bashi da riba. Har kuɗin da ya tsinta a jirgin, bayan ya gama yi musu ba'a cewa ba su da amfani a tsibirin da babu kasuwa, sai da ya ƙunshe su ya tafi da su. Jarumin tsofaffin labarai ɗan sarki ne da ke yaƙi da dodanni, wannan kuwa ɗan matsakaicin gida ne da ke fama da yadda zai gasa tukunyar ƙasa ba ta fashe ba, kuma mai shago da ɗan koyon sana'a sun ga tunaninsu a cikin nasa. A 1722 Defoe ya ƙara da Moll Flanders, labarin wata mata da aka haifa a kurkukun Newgate, ta yi aure sau biyar, ta yi sata, aka kore ta zuwa Virginia, wadda ita ma kusan kowane mataki na rayuwarta da fam da sule take auna shi.

Ba irin wannan labari kaɗai kasuwa ke ci ba a lokacin. Eliza Haywood ta yi tashe da labarin soyayya mai suna Love in Excess a 1719, Jonathan Swift ya fito da tafiye-tafiyen Gulliver a 1726 yana amfani da salon labarin matafiya don yi wa 'yan siyasa da ɗan Adam baki ɗaya zambo, sannan tun daga 1704 zuwa 1717 Bafaranshe Antoine Galland ya fassara Dare Dubu da Ɗaya daga Larabci cikin juzu'i 12, tare da labaran Aladdin da Ali Baba waɗanda ya ji daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab a 1709, kuma nan da nan aka juya fassarar zuwa Ingilishi.

Hogarth: labari da hoto

Abin da ke faruwa ga marubuta shi ne ke faruwa ga masu zane, kuma William Hogarth ne babban misali. An haife shi a 1697, mahaifinsa malamin Latin ne da ya buɗe gidan gahawa ya karye har aka tsare shi shekaru a kurkukun masu bashi, shi kuma ya koyi sana'a a wurin mai sassaƙa ado a jikin kayan azurfa. Mai zane a wancan zamani yana rayuwa ne da zana fuskokin masu hannu da shuni, hoto guda ga mai saye guda, amma Hogarth ya lura cewa idan aka sassaƙa hoto a kan farantin tagulla, aka shafa masa tawada, aka danna shi a kan takarda, za a iya fitar da ɗaruruwan kwafi a sayar wa mutane masu matsakaicin hali. A 1732 ya fitar da jerin hotuna shida masu ba da labarin wata yarinya 'yar ƙauye da ta faɗa karuwanci a Landan, mutum 1,240 kuma suka biya gini guda kowannensu, wato sule 21.

Hoton farko na jerin ya isa ya nuna yadda ake karanta zanensa kamar shafin littafi. Yarinyar, Moll Hackabout, ta sauko daga keken dokin da ya taso daga York, almakashi da matashin allura na rataye a hannunta alamar ɗinki ta zo nema, wata tsohuwar magajiya mai tabon cuta a fuska tana shafa mata haɓa, wani attajiri da ya yi ƙaurin suna wajen lalata 'yan mata yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo, malamin coci kuwa yana kan dokinsa ya juya mata baya yana karanta adireshin wasiƙar neman muƙami, dokin nasa na ture tarin bokitai. A hoto na shida tana cikin akwatin gawa tana da shekara 23, masu zaman makoki suna shan barasa. Da 'yan satar fasaha suka cika gari da kwafin jabu, Hogarth ya jagoranci 'yan'uwansa masu zane zuwa majalisa, aka kafa dokar 1735 da ta ba su kariyar shekara 14, kuma sai da ta fara aiki ya saki jerinsa na gaba mai hotuna takwas, labarin magajin da ya ɓarnatar da dukiyar ubansa ya ƙare a gidan mahaukata na Bedlam. A 1751 ya buga hoton lungun mashaya barasar jin, inda uwa a buge ta saki jaririnta yana faɗowa daga matakala, ya sayar da shi sule ɗaya don ya kai ga talaka, kuma a shekarar ce majalisa ta ƙara ƙuntata cinikin barasar.

Richardson da Fielding

Samuel Richardson mai maɗaba'a ne da ya tashi daga yaron shago ya zama mai gidan kansa, kuma yana da shekara hamsin wasu masu sayar da littattafai biyu suka roƙe shi ya tsara littafin samfurin wasiƙu don amfanin mutanen da ba su iya tsara tasu ba. Yana cikin rubuta wasiƙar uba zuwa ga 'yarsa 'yar aiki wadda maigidanta ke nema da lalata, sai ya ajiye aikin ya rubuta Pamela cikin wata biyu, aka buga shi a Nuwamban 1740. Labarin gaba ɗaya wasiƙu ne da rubutun sirri na yarinya 'yar shekara 15, wadda ɗan uwar ɗakinta ya tsare a wani gidansa na karkara, tana ɓoye takardunta ta hanyar ɗinke su cikin tufafinta, tana ƙin kuɗinsa da barazanarsa, har ya karanta abin da ta rubuta ya yi nadama ya aure ta. Amfanin salon wasiƙa shi ne mai karatu yana jin abin da ke zuciyar yarinyar a daidai lokacin da take cikin tsoro, kafin ita kanta ta san yadda za a ƙare. An buga littafin sau biyar cikin shekara guda, an yabe shi a kan mumbarin coci, an zana hotunansa a jikin mafici da kofunan shayi, kuma abin da ya fi tayar da ƙura shi ne cewa mutuncin baranya ya cancanci juzu'i biyu.

Cikin waɗanda abin bai burge ba har da Henry Fielding, ɗan babban gida da ya yi karatu a Eton, wanda ya yi suna da wasannin kwaikwayo na zambo ga firayim minista Robert Walpole, har gwamnati ta kafa dokar 1737 da ta wajabta tace kowane wasa kafin a nuna shi, dokar da ta raba shi da dandamali ta tura shi karatun lauya da rubutun zube. A 1741 ya fitar da Shamela, inda ya mayar da Pamela makira mai sayar da kamun kanta da tsada don ta sami miji mai kuɗi, a 1742 ya biyo da Joseph Andrews, wanda a gabatarwarsa ya yaba wa Hogarth, sannan a 1749 ya fitar da Tom Jones cikin juzu'i shida, labarin jaririn da aka tsinta a gadon wani mai gari, ya girma da kirki da rawar kai, aka kore shi, ya bi hanya zuwa Landan yana haɗuwa da masu masauki da sojoji da 'yan fashi. Batun tsintattun jarirai yana bakin jama'a a lokacin, domin a 1741 ne aka buɗe gidan rainon da Thomas Coram ya yi shekaru yana fafutukar kafawa, wanda Hogarth na cikin masu kula da shi. Richardson kuwa ya riga ya fito da aiki mafi nauyi, Clarissa, mai juzu'i bakwai da kalmomi kusan miliyan guda, wanda ya fita a 1747 da 1748, kuma a cikinsa yarinyar da iyayenta suka so yi wa auren dole saboda dukiya ta gudu ta faɗa hannun mayaudari ta mutu. Daga waɗannan marubuta biyu ne hanyoyi biyu suka rabu, ɗaya mai kutsawa cikin zuciyar mutum guda, ɗaya mai tsayawa daga nesa tana nuna al'umma da ban dariya.

Masu karatu da masu suka

Rajistar aure da aka fara tilasta sa hannu a cikinta daga 1754 ta nuna cewa kimanin maza shida cikin goma da mata huɗu cikin goma ne ke iya rubuta sunansu, masu iya karatu kuma sun fi haka yawa, domin karatu ake fara koyarwa kafin rubutu. Babban shinge shi ne tsada, domin juzu'i guda yakan kai sule uku, cikakken Tom Jones kuwa ya fi ladan mako na lebura. Abin da ya sassauta wannan shi ne ɗakunan hayar littattafai, waɗanda Allan Ramsay ya buɗe ɗaya daga cikin na farkonsu a Edinburgh wajen 1725, suka bazu a Landan da garuruwan shaƙatawa irin su Bath daga shekarun 1740, inda mutum zai biya kuɗin shekara ko ɗan kwabo a kan kowane juzu'i ya tafi da shi gida. Mata da 'yan aikin gida sun zama manyan abokan cinikin waɗannan ɗakuna, malaman coci da masu tarbiyya kuwa suka yi ta kokawa cewa irin wannan karatu yana ɓata lokacin 'yan mata, yana cusa musu burin auren da ya fi ƙarfinsu. Mata ba su tsaya ga karatu ba, domin Frances Burney ta fitar da Evelina a 1778 ba tare da sanin mahaifinta ba, Ann Radcliffe kuma ta karɓi fam 500 a kan labarinta na ban tsoro a 1794.

Salon ya tsallaka teku cikin sauri. An fassara Clarissa zuwa Faransanci a 1751, Denis Diderot ya rubuta wa Richardson dogon yabo bayan rasuwarsa a 1761, kuma a shekarar ce Jean-Jacques Rousseau ya fitar da Julie cikin sigar wasiƙu, wanda aka buga fiye da sau 70 kafin 1800, har masu shaguna a Faris suka riƙa ba da hayarsa na awa guda. A Jamus, Goethe ya fitar da labarin matashi Werther a 1774, samari suka riƙa sa shuɗiyar kwat da 'yar ciki rawaya irin tasa, hukumomin Leipzig kuma suka hana sayar da shi saboda jarumin ya kashe kansa.

Wannan bunƙasa tana da ɓangaren da marubutanta suka fi kawar wa kai, domin sukarin da ake zubawa a gahawa da shayin masu karatu bayi 'yan Afirka ne ke noma shi a tsibiran Karibiyan, kuma Birtaniya ce kan gaba a fataucin bayi ta tekun Atilantika a mafi yawan ƙarnin. Crusoe kansa ya sayar da yaron da ya taimake shi gudu daga bauta a Maroko, kuma yana kan hanyarsa ta sayo bayi daga gaɓar Gini ne jirginsa ya nutse, littafin kuwa bai ɗauki ko ɗaya daga ciki a matsayin laifi ba. Sai dai kasuwar da ta ba 'yar aiki murya ita ce ta ba Olaudah Equiano, wanda ya bayyana cewa daga ƙasar Ibo aka sato shi yana yaro, damar buga tarihin rayuwarsa a 1789 ta hanyar karɓar kafin-alƙalami, ya riƙe haƙƙin mallakarsa, ya zaga Birtaniya yana sayarwa, aka buga shi sau tara yana raye, ya kuma zama makami a hannun masu yaƙi da cinikin bayi.

Mataki na ƙarshe na kafuwar kasuwar ya zo a Fabrairun 1774, lokacin da majalisar sarakuna, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke hukunci a shari'ar Alexander Donaldson na Edinburgh da masu sayar da littattafai na Landan cewa haƙƙin mallaka yana ƙarewa da cikar wa'adin doka. Hukuncin ya saki tsofaffin littattafai ga duk mai maɗaba'a, farashi ya faɗi, kuma daga 1780 aka riƙa sake buga ayyukan Richardson da Fielding da sauransu kashi-kashi kowane mako a kan sisi. Lokacin da Jane Austen ta fitar da littafinta na farko a 1811, ta tarar da salo mai ƙa'idoji da mawallafa da ɗakunan haya da masu sharhi suna jiran ta.

Ta hanyar makarantun mulkin mallaka ne wannan salo ya iso ƙasar Hausa, inda a 1933 Rupert East na hukumar fassara da talifi ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, marubutan da suka ɗora sabon salon a kan tatsuniya da tarihi da adabin Larabci da suka gada. Amma sai a shekarun 1980, da marubutan Kano, yawancinsu matasa da mata, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, shagunan haya kuma suka kai su cikin gidaje, sannan ƙagaggen labarin Hausa ya sami masu karatu na kansa, ya kuma gamu da irin sukar da aka yi wa na Ingila game da tarbiyyar 'yan mata. Tarihin ƙasashen biyu ya nuna cewa hukuma ko uban gida na iya assasa adabi, amma ɗorewarsa tana hannun mai karatun da ya ciro kuɗinsa ya saya ko ya yi haya.